A Yi Wa Kundayen Kotunan Alƙalai Fihirisa Tun Masu Iya Karanta Su Suna Raye

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini in yi magana a kan wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni tsohon ma'aikacin kotu ne. Na shiga aiki ina saurayi a matsayin magatakarda, na yi ritaya ina rajistara, shekara talatin da biyar hannuna bai rabu da kundin shari'a ba. Maganata a kan tsofaffin kundayen kotunan alƙalai ne, waɗanda aka rubuta tun zamanin En'e, da yadda muka bar su babu fihirisa, wato jerin da zai nuna inda kowace shari'a take, babu wata hanyar gano abin da ke cikinsu sai mutum ya bi su shafi bayan shafi.

Bari in fara da abin da ya faru a gabana. Wata shekara, ana gab da faɗuwar damina, wata dattijuwa ta zo ofishina, ɗanta na riƙe da hannunta. Rigimar gona ce. Ita ta ce jingina mahaifinta ya bayar, jikokin wanda ya karɓa kuma suka ce saye kakansu ya yi. Ta ce mini, "Ɗana, an taɓa yin shari'ar nan gaban alƙali, shekarar da Sarauniya ta zo." Iyakar abin da ta sani ke nan. Sarauniyar Ingila ta zo ƙasar nan a farkon 1956, amma kundayen kotun da lissafin Hijira aka jera su, kuma 1956 ta ratsa shekara biyu, 1375 da 1376. Na sa aka buɗe mini sito, inda aka jibge kundayen tare da karyayyun bencina da kayan shaida na shari'o'in da aka manta da su. Kullum in an tashi daga aiki sai in zauna da tocila ina buɗawa. Kwana goma sha ɗaya na yi. Da na samo shari'ar, ashe shekara biyu ce bayan zuwan Sarauniya, kuma da sunan ƙanen mahaifinta aka shigar da ƙarar. Layi biyar ne kacal, gara ta cinye gefen da sunayen shaidu suke, amma kalmar da ake nema tana nan, alƙali ya rubuta ta da Larabci ƙarara.

Wannan baiwar Allah ta yi sa'a, allura ce cikin ruwa, mai rabo ka ɗauka. Waɗanda na sallama hannu rabbana sun fi ta yawa nesa ba kusa ba, kuma har yau abin yana damuna, domin na tabbata da yawansu hukuncinsu yana cikin ɗakin nan, hanyar kaiwa gare shi ce babu. Mu ma'aikatan kotu muna da namu kason na laifi. Mun ɗauki kundin da aka gama da shi tamkar tsohuwar tabarma, hankalinmu yana kan shari'ar gobe.

Mutane da yawa ba su san yadda aka yi waɗannan kundaye suka samu ba. Alƙalai sun daɗe suna shari'a a ƙasar Hausa, da Risala da Muhtasar da Tuhfa a gabansu, tun kafin Turawa su ci Kano da Sakkwato a 1903. Abin da mulkin Turawa ya ƙaro shi ne tilasta rubutawa a rajista, domin Razdan da Di'o suna son duba abin da aka yanke, kuma da aka kafa Baitulmali aka yanka wa alƙalai albashi, sai ya zama dole a nuna lissafin tara da ushira da sauran kuɗin kotu. Aka kasa kotuna daraja huɗu, A da B da C da D, kotun sarki mai daraja ta ɗaya tana da ikon yanke hukuncin kisa. Haka aka tafi har aka kawo kundin dokokin laifuka na Final Kod da ya fara aiki a 1960, sannan a 1968 aka karɓe kotunan daga hannun En'e aka mai da su kotunan yanki a ƙarƙashin jihohi. Ka ga wajen shekara sittin ke nan mufti da magatakarda suna zaune gefen alƙali suna rubuta rayuwar talakawa, rana bayan rana, daga birni har ƙauyen da hakimi yake.

Na ce rayuwar talakawa, kuma da gangan na faɗa. Tarihinmu da muke karantawa na sarakuna ne da yaƙe-yaƙe da manyan malamai. Wa ya rubuta sunan matar da ta kai mijinta ƙara don ya bar ta wata shida babu ci babu sutura? Kundin alƙali ya rubuta. A nan za ka ga mace ta nemi hul'i ta mayar da sadaki, ka ga nawa ne sadakin. Za ka ga rabon gado an lissafa duk abin da mamaci ya bari, riga da wando, jaki, damin dawa, tasa, littattafai, da kuɗin da aka yi wa kowane. Za ka ga lokacin da kuɗin wuri ya fara ɓacewa daga bakin mutane sule da fam suka maye gurbinsa. Za ka ga rigimar manomi da makiyayi a kan ɓarna, da yadda aka ƙiyasta diyya, abin da muke ta fama da shi yau kamar sabon abu. Akwai fatake da bashi, akwai dillalai, akwai marina da maƙera, akwai Barebari da Nufawa da Buzaye da Larabawan Tarabulus mazauna Kano.

Akwai kuma maganar bauta, wadda ba mu cika son taɓawa ba. Dokar da Gwamna Lugga ya kafa ta ce duk yaron da aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba a soke bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. A tsakanin nan dubban mutane sun tsaya gaban alƙalai suna neman fansa, wasu da murgu, wato bawa ya yi aikin kansa yana ba ubangidansa wani kaso, suka tara kuɗin kansu, wasu dangi ko masu neman aure suka fanshe su, aka rubuta sunayensu da asalinsu da abin da aka biya. Ba ni da wata takarda da na sani wadda ta riƙe muryar waɗannan bayin Allah kamar kundin kotu.

Wanda yake son ya ga irin amfanin da za a samu ya dubi aikin da Allan Christelow ya yi, wani masani ɗan Amurka da ya koyar a Jami'ar Bayero. Ya ɗauki bayanan majalisar shari'a ta Sarkin Kano Abbas, wanda ya yi sarauta daga 1903 zuwa 1919, ya zaɓo shari'o'in 1913 da 1914, ya fassara, ya yi musu sharhi, aka buga a 1994. Daga wannan ɗan yanki kaɗai masu bincike suka fahimci abubuwa da yawa game da mallakar gona da gida da haraji da zaman bayi a Kano a daidai lokacin da jirgin ƙasa ya iso, cinikin gyaɗa ya buɗe. Kotu ɗaya ke nan, shekara biyu. To ina ga sauran masarautu da sauran shekaru?

Ba na cewa ba a yi komai ba. Gidan adana takardun tarihi na ƙasa, wanda aka kafa a 1954 bisa ƙoƙarin Farfesa Kenneth Dike, yana da babban reshe a Kaduna, kuma duk wanda ya taɓa bincike a can ya san jerin SNP na sakatariyar Arewa da na larduna irin su KANOPROF da ZARPROF da SOKPROF. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, tsohon gidan Sardauna, da aka mai da shi cibiyar bincike a 1970, daga baya ya koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Akwai hukumar tarihi da al'adu ta Kano a Gidan Ɗan Hausa, akwai ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Ma'aikatan waɗannan wurare sun riƙe amana da ɗan abin da ake ba su, Allah ya saka musu. Sai dai abu biyu. Na ɗaya, kundaye masu yawa ba su taɓa barin kotunan da aka rubuta su ba, suna sito ko saman kabad ko gidan magadan wani tsohon alƙali. Na biyu, ko wanda aka adana da kyau, jerin da aka yi masa yakan tsaya ne a bango: kundin kotu kaza, shekara kaza zuwa kaza. Ɗaruruwan shari'o'in da ke ciki ba su da suna a ko'ina.

Abin da nake kira a yi shi ne fihirisa, wato kowace shari'a a ba ta layinta. A rubuta kotun, da sunan alƙalin in ya bayyana, da ranar a lissafin Hijira da na boko, da sunan mai ƙara da wanda ake ƙara, da garinsu, da irin shari'ar, ko aure ce ko gado ko bashi ko gona ko rauni, da abin da aka yanke a taƙaice, sannan lambar kundi da shafi. Shi ke nan. In aka zuba wannan a kwamfuta, ɗalibi mai binciken jinginar gona a ƙasar Zazzau zai ga duk shari'o'in da suka shafe shi cikin minti ɗaya, dattijuwa irin waccan kuma ba za ta jira kwana goma sha ɗaya ba.

A baki abin yana da sauƙi, amma wanda ya taɓa riƙe kundin ya san inda gizo ke saƙa. Sunaye su ne babbar wahala. Mutum ɗaya za a rubuta shi Muhammad da Larabci, a takardar Di'o ya koma Mamman ko Momodu, a gida kuma ana ce masa Ɗanlami. A shafi ɗaya za ka tarar da Umaru huɗu. Dole mai fihirisa ya kwafi sunan yadda yake a rubuce, ya ƙara yadda ake faɗarsa, ya riƙe laƙabi da sunan uba da sana'a, don su ne ke bambanta wannan Umarun da wancan. Garuruwa ma haka. Larabci ba shi da ɓ, ba shi da ts, kuma magatakarda ba kullum yake sa wasali ba, sai wanda ya san ƙasar ne zai gane ƙauyen da ake nufi. Turawa sun rubuta Tsafe a matsayin Chafe, Gwandu a matsayin Gando, malamai kuma suna rubuta Zazzau da Zakzak. Tudun Wada nawa ne a Arewa? Sabon Gari nawa? Ga kuma iyakoki da suka yi ta sauyawa: Katsina ta fita daga Kaduna a 1987, Jigawa ta fita daga Kano a 1991, Zamfara ta fita daga Sakkwato a 1996. Mutumin Dutse ko Gusau zai iya neman takardar kakansa a jiharsa alhali tana can tsohuwar hedikwata. Saboda haka kowane gari sai an rubuta tsohuwar gundumarsa da ƙaramar hukumar da yake ciki yanzu.

Sannan akwai kalmomin fiƙihu. In mai fihirisa bai san bambancin rahanu (jingina) da bai'i (ciniki) ba, ko hiba (kyauta) da ariya (aro), ko bai san mene ne hauzi ba, ko i'izari, zai sa shari'ar jingina a layin ciniki, ya ɓatar da duk wanda ya biyo bayansa. Kuskure a fihirisa ya fi rashinta illa, domin mai nema zai duba ya ga babu, ya haƙura, alhali akwai.

Na san abin da matasa za su ce: a ɗauki hoton komai a sa a intanet. Ina goyon bayan ɗaukar hoto ɗari bisa ɗari, gara da yoyon rufi ba sa jiran kowa. Shirin Laburaren Birtaniya na ceto takardun da ke cikin haɗari, wanda aka fara a 2004, ya riga ya ɗauki nauyin hoton wasu tsofaffin takardu na Kano da Kaduna, kuma kowa na iya ganinsu kyauta. Aiki ne mai kyau. Amma hoto dubu hamsin da ba a san abin da ke cikin kowane ba, sito ne aka sake ginawa a cikin kwamfuta. Na kuma taɓa ganin inda aka ɗauki hoton kundaye aka zuba a na'ura guda, ma'aikacin ya sami canjin wurin aiki, na'urar ta lalace, kundayen kuwa an riga an daina kula da su don an ce an gama da su. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Jikana ya gwada mini manhajar da ke karanta rubutu a wayarsa a kan wani shafi da na kwafa. Bugun injin ta karanta lafiya lau, amma da aka zo hannun magatakardan alƙali, irin rubutunmu na Magaribi da tawadar gargajiya, mai haɗe da sunayen Hausa cikin ajami, abin da ta fitar ba ya kama da komai.

A Ingila akwai misalin da ya kamata mu duba. Bayanan shari'o'in babbar kotun laifuka ta Landan, wadda ake kira Old Bailey, daga 1674 zuwa 1913, kusan shari'a dubu ɗari biyu, an sa su a intanet tun daga 2003 ta hanyar haɗin gwiwar jami'o'in Sheffield da Hertfordshire. Mutum na iya nema da suna, ko irin laifi, ko hukunci, ko shekara. Abin lura shi ne nasu bugaggu ne tun asali, da Turanci, amma duk da haka sai da aka sa mutane suka zauna suka sake buga babban kaso da hannu, aka kuma yi wa kowace shari'a alamar sunaye da laifi da hukunci. In masu bugaggen rubutu sun buƙaci idon mutum, ina ga mu?

Wannan ne ya kawo ni ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Masu iya karanta hannun nan suna ƙarewa. Makarantar shari'a da aka buɗe a Kano a 1934, wadda ta zama Makarantar Nazarin Larabci a 1947, ita ta yaye yawancin alƙalai da muftai na wancan zamani, mu kuma a hannunsu muka koyi aiki. Mun san gajerun alamomin da suke yi, mun san yadda wane yake lanƙwasa harafi, mun san cewa in an ja layi a ƙarƙashin shari'a an sa wata alama to an ɗaukaka ƙara. Ba a koyar da wannan a aji. Cikin waɗanda muka fara aiki tare, da yawa sun riga mu gidan gaskiya, wasu ido ya tafi. Ɗalibin Larabci na jami'a a yau ya fi mu nahawu, kuma ya iya kwamfuta, amma in ka ba shi kundin 1930 sai ya yi awa a kan layi uku. Haɗa shi da tsohon magatakarda a tebur ɗaya, tsoho yana karantawa yaro yana bugawa, cikin wata uku yaron zai iya shi kaɗai. Da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an ɗebo ta tun tana nan.

Akwai wani ɓangare da nake so a yi hattara da shi ƙwarai, kuma ban yarda a bar shi sai an gama aiki ba. Cikin kundayen nan akwai asirin gidaje. Akwai shari'ar musun ciki, da ƙazafi, da wanda aka yi wa bulala, da wanda aka tabbatar kakarsa baiwa ce. Jikokin mutanen nan suna raye, wasu manyan mutane ne, wasu 'ya'yansu mata suna jiran aure. Mun san halin garuruwanmu, magana ɗaya kan asali tana iya rushe baiko ko ta zama makamin siyasa. Addininmu ya hore mu da suturta mutane. Shawarata ita ce a yi fihirisa iri biyu. Cikakkiya mai sunaye ta zauna a gidan adana takardu da ofishin babban rajistara, mai bincike ya gan ta bayan ya sa hannu kan sharuɗɗa, mai neman haƙƙinsa kuma ya gan ta ta hanyar kotu. Wadda za a sake wa duniya kuwa, a shari'o'in nasaba da mutunci a ɓoye sunaye, a bar gari da shekara da irin shari'ar. Malamai da alƙalai da masana tarihi su zauna su yanke adadin shekarun da za a jira kafin a buɗe suna. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a fake da wannan a ce a bar kundayen a rufe su ruɓe, don akwai masu son hakan, musamman inda maganar filaye ta shigo.

Kirana na farko ga alƙalan alƙalai na jihohinmu da manyan joji ne, tun da kotunan a ƙarƙashinsu suke. Takarda ɗaya daga ofishinsu ta isa ta sa kowane rajistara ya ƙirga tsofaffin kundayen da ke hannunsa, ya rubuta shekarunsu da halin da suke ciki, ya ɗauke su daga ƙasa ya ɗora a kan katako nesa da bango. Wannan ba ya cin ko sisi. Bayan haka jami'o'in da ke da sassan tarihi da Larabci da shari'a, irin su Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Ɗanfodiyo, su amince da tsari guda na fihirisa, kada Kano ta yi nata Sakkwato ta yi nata a zo a kasa haɗawa. Asusun tallafa wa manyan makarantu na TETFund yana ba da kuɗin bincike, kuma ban ga binciken da ya fi wannan cancanta ba, don shi zai haifi wasu ɗari. Masu hidimar ƙasa da suka karanta Larabci a tura wasu wannan aiki. Masarautu kuma su yi wa magadan tsofaffin alƙalai magana, a ba su tabbacin cewa aro za a yi, a ɗauki hoto, a rubuta, a mayar musu da kayansu in suna so.

Kada a ce sai an sami kuɗin yin Arewa gaba ɗaya. A ɗauki kotu ɗaya, shekara goma, a gama ta tsaf, a ga nawa ta ci da kuma inda aka yi tuntuɓe.

Ni dai na fara da ɗan abin da nake iyawa. Akwai kundi biyu da iyalan wani marigayi alƙali, maigidana a farkon aikina, suka ba ni amana. Na sayi babban littafin rajista na ja masa layuka, kullum bayan sallar walaha ina yin shari'a goma zuwa goma sha biyar kafin ido ya gaji, jikana kuma yana zuba su a kwamfuta ran Asabar. Mun kusa gama na farko. Na san aƙalla tsofaffin abokan aiki huɗu da za su zo gobe in an kira su, ba don kuɗi ba, a dai ba su kuɗin mota da tabarau. Na bar lambar wayata a ofishinka, Malam Edita, duk wata jami'a ko hukuma da ke son ganin yadda na tsara layukan tana iya nemana ta hannunka.

Wassalam.

Naka,
Tsohon rajistaran kotun yanki,
Zariya.